Shin Girki da Murafun Kwalabe Ma Fasaha Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Daura, mai sha'awar zane. Na ga hoton wani baje kolin fasaha a ƙasar waje, babu zane ko ɗaya a bango, sai tukwane da mutane suna cin abinci. Shin wannan fasaha ce, ko kuwa raina hankalin 'yan kallo ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Bayaninki ya yi kama da aikin Rirkrit Tiravanija, ɗan asalin ƙasar Tailan, wanda a 1992 ya mayar da wani zauren baje koli a birnin Niyok wurin girki, ya riƙa ba duk wanda ya shigo shinkafa da miya kyauta. Abin da ya shirya shi ne zaman da baƙi za su yi tare da hirar da za ta ɓarke tsakaninsu, don haka idan babu masu ci, babu aikin.

Bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar Hawan Sallah a Katsina ya san cewa adon dawakai da alkyabba da jahi ba sa cika sai da guɗar mata, da kirarin maroƙa, da jama'ar da ke ɗaga hannu suna jinjina wa Sarki.

Game da kayan aiki kuwa, dubi El Anatsui, ɗan Gana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975. Murafun kwalaben giya da aka zubar yake tarawa, mataimakansa su daddaƙe su, su huda, su ɗinke da wayar tagulla, har su zama wani ƙaton mayafi mai ƙyalli da ke rufe bango. Yakan bar masu rataye shi su naɗe shi yadda suka ga dama. A 2015 aka karrama shi da babbar lambar yabo a bikin fasaha na birnin Banis da ke ƙasar Italiya.

Sai dai shakkarki tana da tushe, domin akwai masu fakewa da sabon salo saboda sun kasa koyon sana'ar. Ni abin da nake dubawa shi ne ko shigar jama'a ta canza wani abu a aikin, da kuma ko akwai ƙwarewa a tsarinsa. Anatsui ya shafe shekaru yana aikin yumɓu da sassaƙar itace kafin ya kai ga murafun kwalabe, saboda haka ki ci gaba da horar da hannunki a kan takarda, kuma ki riƙa zama wurin magina da dukawan Daura kina lura da yadda suke fitar da dagi.