Zauren Tambaya: Rawar da Ba Ta Bin Kiɗa

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni makaɗin kalangu ne, gado na yi. Ɗana ya nuna min wani bidiyo a wayarsa, wai rawar zamani ce ta Turawa. Masu rawa suna nasu, abin da ake kira kiɗan yana nasa, ga wasu matasan kai masu ƙyalli suna ta yawo a sama babu mai riƙe da su. Mu dai mun taso mun ji ana cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Waɗannan rashin iyawa ne, ko mu ne ba mu gane ba? (Wani makaɗi, daga Gusau)

AMSA: Baba, ina amsawa, Allah ya ƙara girma. Daga matasan kan nan na gane abin da yaron ya nuna maka. Sunan aikin RainForest, an fara nuna shi a 1968, wanda ya tsara rawar kuma Ba'amurke ne mai suna Merce Cunningham. Ba rashin iyawa ba ne. Da gangan suka yi, kuma ƙungiyarsa ta fi shekara hamsin a kan wannan hanya, tun daga 1953 da ya kafa ta a kwalejin Black Mountain har ƙarshen 2011 da aka rufe ta, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Ga yadda suke yi. Cunningham da abokin aikinsa John Cage, mai tsara kiɗa, sai su daidaita a kan abu ɗaya tak: tsawon lokaci. A ce minti ashirin. Daga nan kowa ya kama gabansa. Masu rawa su yi makonni suna gwaji babu kiɗa ko kaɗan, sai ƙarar ƙafafu da numfashi, Cunningham na zaune da agogon auna lokaci a hannu. Sau da yawa ranar da 'yan kallo suka fara jin kiɗan, ranar su ma masu rawar suka fara jin sa. Mai zanen da zai shirya dandamali da sutura shi ma ba a cika yi masa dogon bayani ba.

A wannan da ka gani, sautin na David Tudor ne, na'urorin lantarki ya haɗa suna fitar da ƙara irin ta daji. Matasan kan kuwa na mai zane Andy Warhol ne. Ya riga ya baje su a wani ɗakin nuna zane a New York a 1966, Cunningham ya gani ya ce yana so. An hura su da iskar hiliyom, wadda ke sa balan-balan tashi sama. Ka sa yaron ya sake kunna maka ka lura: mai rawa zai ɗaga ƙafa ya doki ɗaya bai ko kalle shi ba, matashin ya juya a hankali, ya tunkuɗi na kusa da shi, wani ya sauko ya tare fuskar wadda ke tahowa a guje, ita kuma ta ratsa ta wuce kamar ba komai. Babu wanda ya tsara wannan, don haka ba a taɓa yin dare biyu iri ɗaya ba. Warhol ma ya so a yi rawar tsirara, Cunningham ya ce a'a, sai wani mai zanen, Jasper Johns, ya ɗauki reza ya yayyanka matsattsun kaya masu launin fata, aka sa su.

Hujjar Cunningham ita ce, in rawa kullum tana bin kiɗa to baiwarsa ce, alhali jiki yana da nasa lokacin. A titi ma mota na ƙaho, tsuntsu na tashi, mai talla na wucewa, babu wanda ya haɗa su, idonka da kunnenka ne ke haɗawa. Ya kai abin har ga jefa ƙuri'a. A 2003 ya yi wani aiki, Split Sides, da ƙungiyoyin mawaƙa biyu, Radiohead da Sigur Rós. Rawa kashi biyu, kiɗa biyu, zanen bango biyu, sutura biyu, tsarin fitilu biyu. Kafin a fara sai a jefa ƙwayar ludo a gaban jama'a, ita za ta faɗi wanne ke zuwa farko a kowanne. In ka lissafa, fuska 32 aikin yake da ita.

Ni ina girmama wannan, don ba ƙaramin horo ba ne mutane da yawa su yi tsalle su dira tare babu ganga mai ƙirga musu. Sai dai akwai abin da kake da shi wanda su suka rasa. Na sha tsayawa a bayan makaɗi a wurin biki ina kallon inda idonsa yake. Ba ya kan kalangu, yana kan ƙafar mai rawa. Ta ɗan yi jinkiri, sai ya matse tsarkiya a hammata ya ja sautin ya jira ta. Ta zabura, ya riga ta isa. Ka fi ni sanin cewa a fage rawa ma takan canza kiɗa, kuma mai kallo ba zai iya cewa ga wanda ya fara ba. Cunningham ya haƙura da wannan hirar don ya samu 'yanci, kuma a ganina ba kullum cinikin ke yin riba ba. Wasu ayyukan nasa in ka kalla sai ka rantse kiɗan da rawar tare aka haife su. Wasu kuwa, gaskiya, gara ka rage sautin wayar.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a sashen zane da sassaƙa. Wasu abokai masu ƙungiyar rawa sun ce mu yi "haɗin gwiwa", amma sai saura kwana uku wasa suka kira ni, wai in zo in gyara musu dandamali ya yi kyau. Shin haka ake yi? (Wata ɗaliba, daga Zariya)

AMSA: 'Yata, ba haka ake yi ba. Wannan kwalliyar ɗakin biki suka kira ki, kuma ita ma sana'a ce, sai dai a biya ki kuɗinta a kira ta da sunanta.

Ki nemi bidiyon Sutra, na 2008. Wanda ya tsara rawar Sidi Larbi Cherkaoui ne, ɗan Beljiyam wanda mahaifinsa ɗan Maroko ne, masu yin ta kuma sufayen haikalin Shaolin ne na ƙasar Sin, waɗannan dai da muka sani da kunfu. Mai sassaƙa ɗan Ingila, Antony Gormley, bai zana komai a bango ba. Akwatunan katako 21 ya kawo, kowanne tsawon mutum, gefe ɗaya a buɗe, babu fenti babu ado. Su ne kuma rawar gaba ɗaya. A tsayar da su, sun zama ganuwa, mutum na tafiya a kanta. A kwantar, sun zama gadaje, ko kaburbura, ya danganta da abin da ke ranki. A kife su, mutanen sun ɓace. Akwai inda ake jera su a tsaye kowanne da mutum a ciki, a ture na farko, su yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kina jin ƙarar katako kina tausaya wa bayan wanda ke ciki. Wani ya goya nasa akwatin yana ja, nauyin ya canza masa tafiya, wannan tafiyar kuma babu mai tsara rawar da zai ƙirƙiro ta a fili fetal. Masu kiɗan, da fiyano da goge irin na Turawa da kayan bugu, suna can baya bayan wani siririn labule, suna buga abin da Szymon Brzóska ɗan Poland ya rubuta.

Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: a cire aikinki daga dandamali a sake rawar. In ta tafi daidai kamar ba a taɓa komai ba, ado kika yi. In ta rushe, kin shiga cikin aikin. A Sutra in kika kwashe akwatunan babu abin da zai saura.

Abin yana iya karkata ɗaya gefen ma. A 1917 a Faris, mai zane Picasso ya yi wa wata rawa mai suna Parade sutura ta kwali, dogaye ƙwarai, waɗanda suka shiga ciki da ƙyar suke motsi, sai dai buga ƙafa. Tarihi ya riƙe sunan Picasso, amma ni da ɗan rawa ne a ranar da ban gode masa ba.

Saboda haka ki ce musu a wannan karon za ki taimaka, amma a na gaba tun makon farko za ki riƙa zuwa gwaji. Ki zauna ki yi kallo kawai, da littafinki. Sannan ki kawo abu guda ki ajiye a tsakiyarsu, ko da bai gama haɗuwa ba: zana, tabarma, jarka, turmi, abin da ya zo miki. Ki ga me jikinsu zai yi da shi. Abin da za a ɗaga, ki fara ɗaga shi da kanki. In kafinta ya yi, ki bi da tafin hannu ki laluba, don ƙusa ɗaya da ta leƙo ta isa ta tashi wasa, masu rawar nan yawanci babu takalmi suke rawa. Maganar kuɗin kaya da sunanki a fosta kuma a gama ta tun kafin ki sayi katako, a gaban shaida. Abota ta fi lalacewa a kan fosta fiye da a kan kuɗi.

TAMBAYA: Malam, duk lokacin da aka yi zancen irin wannan rawa sunayen Turawa nake ji. Mu a Afirka babu masu yi ne? (Wani matashi, daga Damagaram)

AMSA: Akwai, ɗana, kuma wasu ba su da nisa da kai. Ka fara da Germaine Acogny ta Sanagal, wadda ta shugabanci makarantar Mudra Afrique a Dakar daga 1977, ta kuma kafa École des Sables a Toubab Dialaw, a bakin teku, inda masu rawa daga ƙasashen Afirka da dama ke zuwa koyo. A 2021 aka ba ta babbar lambar yabo ta rawa a birnin Venice na Italiya. Maƙwabtanku na Burkina Faso suna da Serge Aimé Coulibaly, mutumin Bobo-Dioulasso. Ya yi Kalakuta Republik a kan rayuwar Fela Kuti, sannan a 2018 ya yi Kirina da mawaƙiyar Mali Rokia Traoré da marubucin Sanagal Felwine Sarr, sunan kuma na fagen yaƙin nan ne da Sundiata Keita, wanda ya kafa daular Mali, ya yi nasara a ƙarni na 13. A Legas akwai Qudus Onikeku da cibiyarsa QDance. Lokacin da Najeriya ta fara buɗe rumfarta a babban baje kolin zane na Venice a 2017, shi ɗan rawa aka tura tare da masu zane biyu, Peju Alatise da Victor Ehikhamenor. A Afirka ta Kudu kuma mai zane William Kentridge ya yi aiki da marigayiya Dada Masilo da Gregory Maqoma, can mai zanen ne ke jan ragama, masu rawa ke shigowa cikin zanensa.

Wanda na fi so ka nema shi ne na Faustin Linyekula, mutumin Kisangani a Kwango, mai suna more more more… future, na 2009. Ya ɗauko Flamme Kapaya, gwanin jita a kiɗan ndombolo, kiɗan da ake kwana ana cashewa da shi a Kinshasa, ya tsayar da shi da 'yan ƙungiyarsa a tsakiyar dandamali tare da masu rawa. Kalmomin da ake rerawa na abokinsa ne Antoine Vumilia Muhindo, wanda a lokacin yake tsare a kurkuku. Suturar ta Lamine Badian Kouyaté ce, ɗan Mali mai tambarin Xuly Bët. Kiɗan nishaɗi ne aka ɗora masa fushin ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, har jitar ta koma kamar ihu. A nan ba a raba makaɗi da mai rawa ba, suna kallon juna suna tunzura juna, abin da Baba na Gusau zai gane ko ba a yi masa bayani ba.

TAMBAYA: Malam, ba mu da kuɗin ɗaukar makaɗi. Laifi ne mu sa waƙar wani daga waya mu yi wasanmu? (Wasu 'yan ƙungiyar rawa, daga Jos)

AMSA: A wurin gwaji ku sa abin da kuka ga dama. Amma in za ku karɓi kuɗin ƙofa, ko ku ɗora bidiyon a YouTube, waƙar tana da mai ita, sai da izininsa, in ba haka ba a toshe muku sautin ko kuɗin tallar ya tafi wurinsa. Kafin ku ce babu kuɗi, ku zagaya unguwa tukuna. Akwai yaron da ke haɗa sauti a kwamfuta yana neman inda za a ji shi, akwai mai sarewa ko mai gurmi da ba a taɓa gayyatarsa irin wannan aiki ba. Ku kira shi tun ranar farko, ku sa sunansa daidai da naku, ku raba abin da aka samu. Kuma in a kan siminti kuke gwaji, kuɗin farko da ya shigo ku sayi katako ku shimfiɗa, gwiwoyinku ba za su jure tsalle a kansa shekara da shekaru ba.