Tambaya da Amsa: Me ya sa na'urata ke zubar da bayanai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuta ƙaramin kanel (zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura) don wata na'ura mai amfani da cif ɗin Cortex-M3, kuma idan aiki ya yi yawa sai wasu haruffan da ke shigowa ta UART (hanyar da ke ɗauko bayanai bit bayan bit) a gudun bit 115200 a sakan su ɓace. Ina tunanin rushe tsarin amsa kiran katsewa (kiran da ke dakatar da aikin cif don ya kula da abin gaggawa) gaba ɗaya in sake gina shi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka rushe komai, ka fara da lissafi. A gudun 115200, inda kowane harafi ke cin bit 10, sabon harafi na isowa kusan kowane mikirosakan 87, alhali Cortex-M3 na shiga mai amsa kira (guntun manhajar da ke gudana idan kiran ya zo) cikin bugun agogo 12 kacal, wanda bai kai rabin mikirosakan ba idan agogon na 72 MHz ne. Ke nan injin ba shi da laifi. Abin da na fi zargi shi ne, akwai inda kanel ɗinka ke rufe ƙofar katsewa ya daɗe bai buɗe ba, ko kuma wani mai amsa kira na yin doguwar hidima a ciki. Ka ɗaga siginar wata ƙafar cif a farkon kowane rufewa, ka sauke ta a ƙarshe, sannan ka duba da osiloskof (na'urar da ke nuna siginar lantarki a allo), domin rufewa mafi tsawo ita ce ke cinye maka haruffa.

Idan ka gano ta, sai ka raba aikin gida biyu. Mai amsa kira ya karɓi harafin, ya ajiye shi a layin jira, ya tada zaren aikin (wani aiki da kanel ke gudanarwa daban) da zai sarrafa shi, ya fita. Fassara saƙo da rubutu a ma'ajiyar filasha duk su koma hannun zaren. Linux ma ta bi wannan hanya, har ta shigar da masu amsa kira masu gudana a matsayin zare a sigar 2.6.30 a 2009.

Abin da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne yadda ake rufewar. Cif ɗin na da rajistoci biyu na rufewa: PRIMASK na toshe kusan kowane kira, amma BASEPRI na toshe waɗanda ke wani mataki ko ƙasa da shi ne kawai, don haka kana iya barin UART a sama da shingen, kamar yadda kanel ɗin FreeRTOS ke ba da dama. Sharaɗin shi ne, duk kiran da ke sama da shingen ba shi da izinin taɓa ayyukan kanel, sai dai ya ajiye harafin ya ɗaga wani kira mai ƙaramin matsayi ya ƙarasa. Ka kuma kula cewa a NVIC (sashen cif da ke tsara fifikon kiraye-kiraye) ƙaramar lamba ce ke da fifiko, abin da ya sha rikita har ƙwararru. Sauya zare kuwa ka bar wa PendSV (kiran da manhaja ke ɗagawa da kanta) a mataki mafi ƙasa, don kada ya faɗo a tsakiyar wani mai amsa kira.