Kiwon tana da ruɓaɓɓen kaya: ina ribar take?

Tambaya: Ina sayar da kayan miya da 'ya'yan itace, kuma kullum sai na zubar da waɗanda suka lalace. Na ji ana kiwon tana cikin akwati a gida, a ba ta ragowar kayan girki ta mayar da su taki. Idan na zuba jari a wannan harka, zai mayar da kuɗinsa?

Amsa: Malam, zai mayar, amma bari mu fara da lissafi kafin ka sayi ko da roba ɗaya. Ɓawo da ruɓaɓɓen ganye kashi 80 zuwa 90 cikin 100 ruwa ne. Kilo 10 na irin wannan shara, idan tana ta gama da shi, da wuya ya ba ka fiye da kilo 2 zuwa 3 na taki, har da kwalin da ka shimfiɗa mata. Rabin kilo na tana, wato kimanin guda 1,000 idan ƙaramar tana ce, ana cewa yana cin rabin nauyinsa a rana, sai dai wannan sai komai ya daidaita. A makonnin farko kilo ɗaya a mako ma ya ishe shi. Ka ga ke nan akwati ɗaya a wata shida ba zai cika maka rabin buhu mai kilo 50 ba. Wanda ya shiga da niyyar sayar da taki buhu-buhu daga akwati ɗaya, takaici zai kwasa.

Abin da ke haɓaka da sauri shi ne tanar kanta. In ta samu abinci da wuri, yawanta kan ninka cikin wata biyu zuwa uku. Rabin kilo ya zama kilo 2 a wata shida, kuma wannan ita ce uwar kuɗinka. Saboda haka wata shidan farko ka ɗauke su a matsayin renon iri, kada ka sayar da ko ɗaya. Da zarar akwati ya cika, ka raba shi biyu, domin idan wuri ya yi musu kaɗan sai su rage haihuwa da kansu.

Wurin sayen iri ne mutane suka fi yin asara. Tanar da ake tonowa a gona mai haƙa rami ce zuwa ƙasa, ba ta zama a akwati. Wadda ake kiwo ita ce mai zama a saman tarin juji, kuma iri biyu aka fi samu. Akwai ƙaramar ja, Eisenia fetida, wadda ta fi jin daɗin sanyi-sanyi tsakanin digiri 15 da 25, kuma idan akwati ya kai 35 sai ta fara mutuwa. Akwai babbar, Eudrilus eugeniae, wadda ta fi son ɗumi, wajen 25 zuwa 30, amma ba ta jure sanyi. Ka zaɓa gwargwadon yanayin inda kake, kuma ka saya da awo a gabanka, a tsame tanar daga ƙasar da take ciki, kada a auna maka ƙasa da kuɗin tana.

Akwatin ba ya buƙatar tsada. Roba mai murfi wadda haske ba ya ratsa ta, mai faɗi, zurfinta santimita 25 zuwa 30, ta wadatar, tun da a sama suke cin abinci, faɗi ya fi zurfi amfani. A huda ƙananan ramuka a gefe ta sama don iska, a huda gindi don ruwa ya tsiyaye cikin faranti. A yayyaga kwali mara sheƙi, a jiƙa, a matse har sai ɗigo ɗaya ko biyu kawai ke fita daga dunƙulen hannu, a cika kashi biyu cikin uku na robar, a barbaɗa ƙasa cikin tafin hannu ɗaya. A ajiye a inuwa, a ɗora bisa ƙafafu, kowace ƙafa cikin gwangwanin ruwa saboda tururuwa.

Matsalarka kai ta musamman ita ce kaya sun yi maka yawa. Mai shago yana ganin kwandon tumatir ya ruɓe sai ya juye shi duka a akwati. Kwana biyu tarin ya ɗau zafi, ya yi tsami, iska ta ƙare a ciki, ka buɗe murfi ka tarar da su sun hau bango suna neman hanyar fita, wari kuma ya cika wuri. Ka yanka kayan ƙanana, ka binne a kusurwa ɗaya ƙarƙashin kwali, kada ka ƙara sai sun kusa cinye na farko. Kowane kwano na jiƙaƙƙen kaya ka bi shi da kwanon busasshen kwali. Rarar da ta fi ƙarfinsu ka tara ta daban ta yi zafinta ta huce na mako biyu ko uku, sannan ka riƙa ba su; haka suka fi ci da sauri. Nama, madara, mai da abinci mai gishiri ba sa shiga, don suna jawo ɓera da wari, gishiri kuma yana ƙona fatarsu. Lemun tsami, albasa da barkono kaɗan-kaɗan. Dakakken ɓawon ƙwai yana rage tsami. Ɗanyen kashin kaji kuwa yana iya ƙarar da akwati gaba ɗaya.

Bayan wata uku zuwa shida ƙasan akwatin zai koma baƙi, mai laushi, mai ƙamshin ƙasa. Ka juye bisa leda a wuri mai haske, ka yi tuli-tuli. Tana ba ta son haske, za ta nutse ƙasa, kai kuma kana kwashe saman duk bayan minti goma. A tankaɗe da rariya mai ido milimita 3 zuwa 4, abin da ya rage a sama a mayar akwati. Ƙwayayen tanar, masu kama da ƙwayar gero launin ruwan ɗorawa, duk wanda ka gani ka mayar, jarin gobe ne. Kada a shanya takin ya bushe ƙarau, kuma a zuba shi a buhun da iska ke shiga.

Kasuwar takin a ƙananan ƙulli take: kilo ɗaya ko biyu ga masu renon dashe, masu furanni a tukwane da masu lambun bayan gida. Ga mai babbar gona ba za ka iya gogayya da takin dabbobi a farashi ba. Tanar kuma masu son fara kiwo ne suka fi biyan ta da daraja, sai masu kamun kifi da ƙugiya. Ka nemi mutum uku ko huɗu da za su riƙa saye kafin ka haura akwati biyar. Ruwan da ke tsiyayowa cikin faranti kada ka ɗura shi a kwalba ka sayar da sunan takin ruwa. Ya ratso ta cikin abin da bai gama ruɓewa ba, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma in ya yi yawa alama ce akwatinka ya jiƙe fiye da kima, a ƙara kwali.