Ba takin ne jabu ba, hannunka ne ya yi nauyi

Yarona, saƙonka ya iso. Ka ce ka zuba wa tumatirin da muka dasa yuriya ranar Lahadi, kafin Laraba ganye ya soye, kana tambaya ko takin jabu aka sayar mana, ko kuwa cuta ce in ba ka kuɗin magani ka yi feshi. Ko ɗaya babu. Ajiye famfon nan tukuna.

Bayan la'asar na je fangalin da kaina, na tsuguna na duba gindi uku. Duk ukun ga farin ɓurɓushi nan kamar gishiri ya daskare a jikin kara, wurin da ya taɓa ya yi baƙi. Ganyen ƙasa ne ya fara ƙonewa, daga baki-baki yana shiga ciki. Da ganin haka na san abin da ka yi: ka damƙo da hannu ka zuba a gindi, a busasshiyar ƙasa, da rana, ruwa kuma sai washegari. Yuriya in ta taru a wuri ɗaya, zuƙe ruwan saiwa take yi, sai ka ga shuka tana yaushi alhali ƙasa da danshi.

Ka saba zuba takin kamfa, wato NPK, shi ya sa ka auna su da mudu ɗaya. Dubi rubutun buhu. Kamfa 15-15-15 ce, wato a buhu mai kilo 50 sinadarin da ke sa ganye kilo 7 da rabi ne kawai. Yuriya kuwa 46 aka rubuta mata, kilo 23 ke nan a buhu guda. Ya ninka sau uku har da ɗoriya. Dashen da bai cika mako biyu ba, saiwarsa ko gama kama ƙasa ba ta yi ba, ina zai kai wannan?

Ni ga yadda na koya a wajen mahaifina, kuma har yau ban sauya ba. Kamfa ake fara ba dashe bayan ya miƙe. Yuriya sai ya yi kamar wata guda ya fara reshe. Murfin kwalbar lemo ɗaya ya ishi gindi ɗaya. Ka auna yatsu huɗu daga kara, ka huda da tsinke, ka zuba, ka rufe da ƙasa, ka sako ruwa a ranar. Rufewar nan ba ado ba ne. Yuriyar da aka bari a fili cikin zafi, rabonka da ita warin nan mai hawa hanci, kuɗinka ne ke bin iska. Don haka ma kada ka haɗa ta da toka, toka na ƙara korar ta. Ko ba ta ƙona ba ma, in ta yi yawa sai tumatir ya yi ta ganye shar kamar alayyafo, fure na zuba, darɓa da farin ƙuda suna biki.

Sai maganar da ba ka tambaya ba. Na ga ka jibge ɗanyen kashin kaji a bakin fangalin kabeji. Kada ka kuskura ka watsa shi haka, shi ma wuta ne. Tara shi a inuwa da shara da kashin awaki, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa. Ranar da ka cusa hannu cikin tsibin ba ka ji zafi ba, wari ya tafi, ya koma baƙi yana marmashewa, to ya nuna. Wata biyu zuwa uku yakan ɗauka. Ƙasarmu ta wajen nan jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. In ba takin gida a ciki, na zamani wucewa yake yi da ban ruwa na biyu.

Feshi kuma, kafin ka taɓa famfo ka san me kake kashewa. Da tsutsar sharon ce, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, da ka ga fararen tabo a tsakiyar ganye, in ka ɗaga wa rana ka hango ’yar tsutsar a ciki. Da ragowar maganin ciyawa ne a famfo, sabon toho ne zai murɗe. Shi ya sa na ɗaura wa famfon ciyawa jan ƙyalle, ba ya shiga cikin kayan miya ko an wanke shi. Tumatirinka babu ko ɗaya daga cikin alamun nan. Ka fesa wa shukar da ta ƙone magani, ka ƙara mata azaba ne kawai.

Gobe da asuba ka zo da ’yar fartanya. Za mu kankare ƙasar gindin a hankali, mu cika fangalin da ruwa sau biyu ya wanke. Wanda kansa ke da kore zai farfaɗo. Wanda karansa ya yi baƙi zagaye mu cire, akwai ragowar iri a wurin reno da za mu cike gurbi. Ka taho da murfin kwalba a aljihunka.