Shin Karatu Kansa Ibada Ne a Wurin Yahudawa?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani zaure cike da ɗaliban Yahudawa, sun zauna bibbiyu suna ɗaga murya a kan littattafai, aka ce mini wasunsu sukan shafe shekaru a haka. Shin neman ilimi ne kawai, ko kuwa ibada ce a wurinsu?

Amsa: Ibada ce, kuma tana cikin mafiya girma a addininsu. Wannan matsayi ya ƙara ƙarfi bayan shekara ta 70 Miladiyya, lokacin da Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus inda ake miƙa hadaya. Da aka rasa wurin yanka, malamansu suka taru a garin Yabne ƙarƙashin Yohanan ben Zakkai, kuma a hankali karatun Attaura ya zama ginshiƙin bautarsu, har Talmud, babban kundin shari'a da koyarwar malamansu, ya koyar da cewa wanda ya nazarci hukunce-hukuncen hadaya tamkar ya miƙa ta ne.

Zauren da aka nuna maka makaranta ce da suke kira yeshiba, zaman bibbiyun kuwa habruta ne. Ɗalibi yakan karanta jimla daga Mishna, tarin hukunce-hukuncensu da aka tattara wajen shekara ta 200, ko daga sharhinta na Gemara da akasarinsa ke cikin harshen Aramaik (su biyun ne suka haɗu suka zama Talmud), sai abokinsa ya kawo suka, shi kuma ya kare, su yi ta kai da komo har ma'anar ta fito. Abin da ya fi burge ni shi ne, ba sa ganin wannan musu a matsayin rashin ladabi ga littafin, domin a wurinsu wahalar da hankali wajen gano nufin Ubangiji ita ce kusantarsa. Shi ya sa suke yin addu'a ta musamman kowace safiya kafin karatu, kuma suke son a yi shi don kansa, ba don suna ko abin duniya ba.

Masu sana'a ma suna da nasu rabon. A 1923 wani malami daga Poland, Meir Shapiro, ya kawo tsarin Daf Yomi, wato waraƙa ɗaya ta Talmud kullum. Waraƙun 2,711 ne, ana gama su cikin kusan shekara bakwai da wata biyar, kuma an yi bikin kammalawa na baya-bayan nan a Janairun 2020. A irin wannan taro sukan furta wa littafin alkawarin cewa za su dawo gare shi, sannan su buɗe waraƙar farko nan take.