Tambayoyinku: Ta ina kocin 'yan mata a jami'a ke farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a Jami'ar Jos. Shekara shida ina buga baya a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan mata, sai bara na ji rauni a gwiwa, likita ya ce in haƙura da gasa. Yanzu raina yana kan horarwa. Na ji an ce a Amurka mutum kan ƙare rayuwarsa yana kocin ƙungiyar mata ta jami'a. Ta ina suke farawa? Kuma in ajiye karatu in tafi kwas ɗin koci? Daga 'yarki a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa domin ita ta fi tsaya mini a rai: kada ki ajiye karatun nan. Aikin da kike sha'awa a cikin jami'a yake, kuma jami'o'in Amurka kusan duk sai sun nemi digiri kafin su ɗauki koci.

Abin da kika ji gaskiya ne. A 1972 aka yi wata doka a can, Title IX, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Daga nan jami'o'i suka riƙa buɗe ƙungiyoyin mata, horar da su ya zama aikin albashi. Anson Dorrance ya riƙe ƙungiyar mata ta Jami'ar North Carolina tun 1979 har ya yi ritaya a 2024, ya ci kofin jami'o'i na NCAA sau 21, kuma shi ya kai Amurka ga kofin duniya na mata na farko a 1991.

Amma ni labarin Jill Ellis nake so ki riƙe. Ta buga wa kwalejin William and Mary, ta yi mataimakiyar koci a jami'o'i uku, har ta taɓa barin aikin ofis mai maiƙo ta koma fili kan albashi kaɗan. Sai a 1997 aka ba ta ƙungiya tata a Jami'ar Illinois, sannan Jami'ar California ta Los Angeles (UCLA) daga 1999 zuwa 2010. Kofin duniya biyu da ta ci wa Amurka, a 2015 da 2019, bayan wannan doguwar tafiya suka zo. Yawancinsu haka suke farawa: tsohuwar 'yar wasa ta shiga digiri na biyu tana taimaka wa koci, sau da yawa jami'a ta ɗauke mata kuɗin makaranta ta ba ta ɗan alawus. Ita ke jera ƙwallaye, ita ke yanka bidiyon wasa, ita ke ƙirga 'yan wasa a mota. Daga nan ta zama cikakkiyar mataimakiya, wata rana wata ƙaramar kwaleji ta kira ta.

Randy Waldrum da ya riƙe mana Super Falcons ma ɗan wannan hanya ne. Ya bi ta jami'o'in Tulsa da Baylor, ya ci kofi da Jami'ar Notre Dame a 2004 da 2010, kuma yana kocin Jami'ar Pittsburgh lokacin da ya kai mu gasar duniya ta 2023, inda muka doke Ostireliya 3-2 a gidanta.

Akwai abin da ba a gani a talabijin. Kakar wasansu gajeriya ce, daga Agusta zuwa farkon Disamba. Sauran shekara kocin tana yawon neman 'yan wasa ne, tana kallon yaran sakandare, tana zama da iyaye, tana bibiyar sakamakon jarabawa, domin yarinyar da makinta ya faɗi ba za a bar ta ta buga ba. Wannan ɓangaren kuwa mu a Jos mun san shi sarai. Na taɓa zuwa gidan wani dattijo sau uku saboda 'yarsa mai tsaron raga. Zuwan farko a zaure na tsaya, ko tabarma ba a shimfiɗa mini ba. Zuwa na uku na tafi da dogon wando da ɗan hijabin da yarinyar za ta sa, da takardar sakamakonta, na yi masa alkawarin kafin magariba tana gida. Ya juya takardar, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, amana na ba ki." Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

A nan gida, gaskiya, hanyar ba ta kai tasu faɗi ba. Wasannin jami'o'i na NUGA ba kowane wata ake yi ba, kuma mai horar da ƙungiyar jami'a yawanci ma'aikacin sashen wasanni ne. To amma an bi ta an kai. Marigayi Isma'ila Mabo, ɗan garin nan da ya buga wa Mighty Jets, shi ya kai Falcons zagayen 'yan takwas a gasar duniya ta 1999. Florence Omagbemi, kyaftin ɗinsa a lokacin, ta dawo a matsayin koci ta ɗauko kofin Afirka a Kamaru a 2016.

Saboda haka ki ƙarasa digirinki. A lokacin hutu ki nemi kwas ɗin lasisin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka (CAF) na matakin farko ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. Bayan bautar ƙasa kuma akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas. Kafin nan, cikin makon nan, ki je wurin kocin ƙungiyarku ki ce kina so ki taimaka masa. Ki riga kowa zuwa fili ko da sanyin Jos ya hana yatsu riƙe usur. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ki riƙa rubuta atisayen kowace rana, da wanda ya yi kyau da wanda ya watse, da sunan yarinyar da ta zo ba ta karya kumallo ba. Bayan wata uku ki sake rubuto mini, ina so in ji yadda 'yan bayanku suke tsayuwa.