Amsa ga 'yar'uwar da anti-TPO ɗinta ya hau

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce wata uku kina shan Levothyrox, maganin ƙarancin aikin tiroyid, amma kasala da jin sanyi da zubar gashi suna nan, takardar analiz kuma ta nuna anti-TPO ya hau, kina neman abin da zai saukar da shi. Na san wannan halin, shi ya sa na kasa wucewa.

Ki bar bin lambar anti-TPO. Shaida ce kawai ta cewa sojojin jikinki sun juya wa tiroyid, wato ƙullutun da ke gaban wuya, suna cin ta a hankali, abin da likitoci ke kira Hashimoto. In tiroyid ta gaza fitar da T4, sinadarin da take yi wa jiki, sai TSH, sinadarin da ke ba ta umarnin aiki, ta hau don a zaburar da ita. Da TSH ake auna magani, a nemi ta zauna tsakanin 0.4 da 4, kuma sai sati 6 zuwa 8 bayan an canja awon ƙwaya gwajin ke faɗin gaskiya.

Yawanci a wajen sha ake kuskure. Da asuba, cikinki ba komai, da ruwa zalla, ki jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi da madara. Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyom sai bayan awa 4, don suna riƙe maganin a hanji. Fura da nono ma a bari rana ta ɗaga. Kar ki ajiye kwalin a taga ko kusa da murhu, zafin Damagaram na kashe masa ƙarfi.

Abin da ya fi ciwo mutanen gida ne. Mace ta tashi jiki kamar an yi mata duka, fuska a kumbure, cikin bazara tana lulluɓe da bargo, a ce lalaci ne, wata ta ce iska ce, wani ya zo da aska zai tsaga maƙoƙo. Haba! Kar ki yarda a taɓa miki wuya, kar kuma ki sha aidin (sinadarin da ake sa wa gishiri) don an ce maganin maƙoƙo ne, yawansa na tsananta Hashimoto.

In kika samu ciki, ki ga likita a satin, don sau da yawa ana ƙara awon da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ki roƙa a duba jininki ma, ƙarancinsa na kawo irin wannan kasalar.